'Yan'uwan da Ba Jini Ya Haɗa Ba: Ina Iyakar Amana?

Duk wanda ya taɓa sayen littafin yaƙi a kasuwa, irin waɗanda marubutan Kano kamar Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna da su, ya san labarin ba ya ƙarewa a littafi na ɗaya. Akan bar jarumi a bakin kogon matsafa, ko a tsakiyar dajin aljanu, a ce sai a nemi na biyu. Haka finafinai suke, haka kuma dogayen labaran da matasa suke karantawa a wayar hannu. Iyaye da yawa sukan ga takubba da dodanni a bangon littafi, su yi tsaki su wuce. Amma a ƙarƙashin wannan duhu akwai tambayar da ta girmi littattafan, wadda kuma ta shafi kowane gida. Shin mutum yana iya samun 'yan'uwa na gaske a cikin waɗanda ba jini ya haɗa su ba? In kuwa yana iya samu, ina iyakar amanar da take kansa gare su?

Abin da littafi na biyu yake tonawa

Sau da yawa littafi na ɗaya labarin haɗuwa ne. Maraya, ko korarren ɗan sarki, ko bawan da ya tsere, yakan gamu da waɗansu masu irin ciwonsa. Su sha yunwa tare, su kwana a daji tare, su rantse cewa mutuwa ce kaɗai za ta raba su, a ƙarshe su ka da azzalumi. Mai karatu ya rufe littafin da murna, gama wanda ba shi da kowa ya sami dangi.

Littafi na biyu ya fi nauyi, shi ya sa ya fi duhu. Abokin gaba na waje ya riga ya faɗi, saura na cikin gida. Wanda aka rantse wa ya hau gadon mulki, ya fara aikata abin da aka yaƙi azzalumi saboda shi. Ko asirin asalin jarumi ya tonu, a tarar jinin maƙiyi ne yake gudana a jikinsa. Ko kuwa mahaifiyar da aka ɗauka ta mutu ta bayyana, ta ce ɗanta ya zaɓa tsakaninta da abokansa. Rantsuwar da aka yi da daɗin baki ta zama bashi, lokacin biya kuwa ya yi. Kaifin takobi ba ya warware irin wannan ƙulli.

Aku da Waziri

Adabin Hausa ya daɗe da sanin wannan. Mutane da yawa suna tuna Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939, saboda gajerun labaran da suke ciki. Amma babban labarin da ya ɗaure su duka na amana ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. A fada akwai Waziri, mutumin da ya ci ya sha a inuwar sarki, wanda kowa zai ce shi ne na gida. Akwai kuma aku, tsuntsun da aka saya da kuɗi, ba dangin iya ba na baba. Wazirin ne ya ƙulla makircin hallaka yaron, tsuntsun ne ya tsare ransa.

Abin lura shi ne hanyar da ya bi. Musa yana ɗokin ya fita ya bi sahun mahaifinsa da ɗan'uwansa Mahmudu zuwa fagen fama. Da a ce aku ya ɗauki amana a kan yi wa ubangida abin da ransa yake so, da ya yi masa fatan alheri ya sallame shi, yaron ya faɗa hannun masu jiransa. Maimakon haka, kowane dare sai ya ja shi da labari har gari ya waye, fita ta gagara. Amanarsa ta bayyana ne a wurin hana ubangidansa abin da yake marmari.

Da sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku rawaninsa. Imam bai tsaya nan ba. A littafi na biyu aku ya shiga gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ, yana kare mutuncin gidan da ya karɓe shi. A na uku yana horar da ɗansa Fasih. Wanda ya shigo ta hanyar ciniki ya zama ɗan gida, ya ɗauki nauyin gidan, sa'an nan ya miƙa abin da ya koya ga na baya. Shiga gida aikin rana ɗaya ne, amma zama ɗan gida sai da shekaru.

Yarinyar da aka aika ta yi kisa

Tambayar nan ba ta tsufa ba. Jordan Ifueko, marubuciya 'yar Amurka mai tushe a Nijeriya, ta fitar da littafin Turanci mai suna Raybearer a 2020, da ci gabansa Redemptor a 2021. Jarumar, Tarisai, ta tashi cikin kaɗaici, tana ƙishin ƙaunar mahaifiyarta. Mahaifiyar kuwa ta ɗaure ta da umarnin sihiri, ta aike ta fadar daula domin ta shiga majalisar yarima ta mutum goma sha ɗaya, ta sami yardarsa, sa'an nan ta kashe shi. A cikin majalisar ne yarinyar ta sami abin da ba ta taɓa samu ba, wato 'yan'uwan da suka shaƙu har in an raba ɗaya da sauran sai ya kamu da ciwo. Littafi na ɗaya kokawarta ce da umarnin mahaifiya.

A littafi na biyu Tarisai ta hau mulki, ta kuma ɗauki alkawarin gangarawa duniyar matattu domin a daina miƙa yara hadaya ga mugayen ruhohi. Muryoyin yaran da suka riga suka mutu suna bin ta, suna faɗa mata cewa abin da ta yi bai isa ba, har ta fara janye jiki daga 'yan'uwan da suke ƙaunarta, tana ganin ita kaɗai ce za ta ɗauki kayan.

Labarin ya ƙara abu biyu a kan na aku. Na fari, jini ma yana iya ba da umarnin mugunta, saboda haka haihuwa kaɗai ba ta isa ta zama alƙali na ƙarshe ba. Na biyu, mutum yana iya tauye amanar 'yan'uwansa ba tare da ya cuce su ba, ta wurin ƙin barin su su taya shi ɗaukar kaya. Wanda kullum yake bayarwa, ba ya yarda a ba shi, ya mai da 'yan'uwansa mabarata.

Garin da aka gina da irin wannan zumunta

Mutumin Potiskum ba ya bukatar littafi kafin ya san cewa bare yana zama ɗan'uwa. Ngizim, da Karekare, da Bolewa, da Ngamo, da Hausawa, da Fulani, da Barebari, da mutanen kudu waɗanda fatauci ya kawo, duk suna cin kasuwa ɗaya. Fadar Sarkin Fika, wadda ta koma garin a 1924, da fadar Mai Potiskum suna cikin gari guda. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, an kuma san garin da manyan motocin ɗaukar kaya.

A dubi yaron mota. Yakan bar ƙauye da ƙuruciya ya bi direban da bai haɗa kome da shi ba. Su ci a kwano ɗaya, su kwana a ƙarƙashin mota ɗaya a hanyar Legas ko Fatakwal. Direban ya zama ubangida, ya koya masa tuƙi, ranar aurensa kuma shi ne a gaba. A dubi baƙon da ya kawo dabbobi daga nesa, ya sauka a wurin mai masaukinsa, ya danƙa masa dukiyar shekaru, sau da yawa ba takarda a tsakani. Harshen Hausa cike yake da sunayen irin wannan dangantaka: amini da aminiya, ƙawa, uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ubangida da bara, ɗan riƙo. Harshe ba ya raɗa suna ga abin da babu shi.

Gaskiya ne magabata sun ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Amma su ne kuma suka ce ɗa na kowa ne, suka ce zumunta a ƙafa take. Wannan na ƙarshe ya warware rabin tambayar. In zumunta a ƙafa take, to, ko wanda aka haifa ciki ɗaya da shi sai an taka an je wurinsa kafin ya zama ɗan'uwa na sosai. Duk zumunta mai rai akwai zaɓi a cikinta. Saboda haka amsar tambaya ta farko ita ce i, mutum yana samun 'yan'uwa na gaske a waje da jininsa, haƙƙinsu kuma yana kansa.

Ɗaya fuskar

Amma garin ya ga ɗaya fuskar al'amarin, ya kuwa gan ta da jini. A watan Mayu 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, suka kashe aƙalla mutum 34, suka sa wuta. Rahotannin lokacin sun nuna ramuwar gayya ce ta 'yan fashi, bayan da aka kama ɗaya daga cikinsu aka kashe shi. Wato su ma, a ganinsu, amanar ɗan'uwansu suka riƙe. A ranar 3 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a jerin gwanon Ashura. Mako guda bayan haka, ranar 10 ga wata, wani ya sa kayan makaranta ya shiga taron safe na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati, ya ta da bam, ya hallaka fiye da mutum 40, yawancinsu ɗalibai. Ya sami shiga ne da rigar ɗan gida. A ranar 5 ga Yuli 2015 aka kai irin wannan hari majami'ar Redeemed, mutum 5 suka rasu. Kirista da Musulmi duk sun haƙa kabari a waɗannan shekaru.

Da yawa daga cikin yaran da suka shiga Boko Haram kama su aka yi da ƙarfi, ba su da zaɓi. Amma akwai waɗanda suka je da ƙafarsu. Kafin 2009, ƙungiyar Muhammad Yusuf a Maiduguri tana ba matasa abinci, da wurin kwana, da jari, har da taimakon aure. Ta ba su abin da littafi na ɗaya yake ba maraya, wato jin cewa suna da mutane. Littafi na biyu ne ya nuna farashin. An koya musu su ɗauki iyaye da malaman da suka ƙi bin ƙungiyar a matsayin maƙiya, wanda kuma ya nemi fita ya san ransa ne a bakinta. Haka abin yake, ko da yake bai kai wannan muni ba, a ƙungiyoyin asiri na makarantu, da 'yan daba, da 'yan bangar siyasa. Duk suna da rantsuwa, duk suna kiran juna 'yan'uwa, waɗansunsu kuma suna mutuwa domin juna da gaske.

Wannan ya nuna cewa ƙarfin amana ba shi ne shaidar kyanta ba. Ɓarayi ma ba sa tona asirin juna. Dole a sami ma'aunin da ya fi amanar kanta tsawo.

Ma'auni

Abu na farko da za a tambaya shi ne, a cikin wannan iyali, mutum yana iya cewa a'a ya ci gaba da zama ɗan gida? Inda aku yake iya hana Musa fita, akwai zumunta. Inda kowace tambaya take zama tawaye, ƙangi ne, ko da ana ci ana sha. Aminin da bai taɓa faɗa wa amininsa magana mai ɗaci ba, ko dai bai san shi ba, ko kuwa tsoronsa yake ji.

Na biyu, sabon iyalin ya bar wa mutum sunansa da ƙofar gidan uwarsa, ko kuwa ya toshe ta? Masu karatu sun san labarin Jonatan, ɗan Sarki Saul, wanda ya ƙulla alkawari da Dawuda. Sa'ad da mahaifinsa ya nemi ran Dawuda, Jonatan ya ƙi, ya faɗa masa gaskiya a gaban idonsa, ya kuma taimaki abokinsa ya tsira. Duk da haka bai ɗauki makami a kan mahaifinsa ba, a gefensa ma ya mutu a Dutsen Gilbowa. Ya ƙi umarnin uba ba tare da ya daina zama ɗa ba. Labarin kuma yana da nasa littafi na biyu. Bayan shekaru, da Dawuda ya kahu a mulki, ya sa aka nemo masa Mefiboshet, gurgun ɗan Jonatan, jikan mutumin da ya farauci ransa, ya zaunar da shi a teburinsa. Alkawarin ya rayu bayan wanda aka yi shi da shi ya mutu, a lokacin da babu sauran riba a cikin cika shi.

Na uku, me wannan iyali yake yi wa waɗanda ba nasa ba? Ubangidan kirki yana koya wa yaron mota ya tsaya ya taimaki motar da ta lalace a daji, ko ta wane ne. Ƙungiyar da ɗuminta yake fitowa daga ƙiyayyar na waje, ran da na waje suka ƙare, na ciki za ta fara ci.

Mai karatu yana iya cewa, to, wanda danginsa ne suka kore shi fa, ko suka cinye gadonsa, ko suka juya masa baya saboda abin da ya gaskata? Irin wannan mutum ba shi da laifi in ya sami uwa da uba a wani gida, waɗanda suka karɓe shi kuwa sun yi aikin da ya fi na jini. Ba wanda zai tilasta masa ya koma inda za a cuce shi. Amma ko a nan ma'aunin yana aiki. Gidan kirki yana jinyar raunin, ba ya sosa shi kullum domin ya riƙe mai raunin. Yana barin ƙofar sulhu a buɗe, ko da shekara ashirin za ta yi ba wanda ya shiga.

Littafi na biyu na gari

Yau kasuwa tana ci, motoci suna tashi, amma abin da shekarun tashin hankali suka bari yana nan. Akwai marayun da suka girma a gidajen da ba na iyayensu ba. Riƙo na gari shi ne a ci da yaro, a tufatar da shi, a sa shi makaranta tare da 'ya'yan gida, ba a mai da shi ɗan aike ba. Ya kamata kuma a faɗa masa sunan mahaifinsa, da ƙauyensu, a bar shi ya ji Ngizimanci ko Karekarenci ko duk harshen da aka yi masa rarrashi da shi. Yaron da aka ɓoye wa asalinsa domin kada ya tafi, ran da ya gano, sau biyu zai yi maraici.

Akwai kuma masu dawowa. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta kafa shirin Operation Safe Corridor domin tubabbun mayaƙa, da sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayu 2021, dubban mutane sun miƙa wuya a Jihar Borno, mata da yara da yawa a cikinsu. Ba magana ce mai sauƙi ba. Gwauruwar da aka kashe wa miji tana da haƙƙin ta nemi shari'a, ba kuma wanda ya isa ya gaggauta mata yafewa. Amma jaririn da aka haifa a daji bai rantse wa kowa ba. In gari ya rufe masa ƙofa, akwai masu jira su ba shi dangi.

A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 domin marayu. Da rikici ya ɓarke, ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan mayaƙan da suka mutu, ya zaunar da su a aji ɗaya. A 2017 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Wannan ma iyali ne da aka zaɓa, an kuwa gina shi ba tare da an nemi wani ya zama maƙiyi ba.

Ga iyaye

Saura tambayar da takan taso a gida: a bar yara su karanta irin waɗannan labarai masu duhu? Akwai waɗanda ba su dace da ƙananan yara ba, akwai kuma waɗanda ba kome a cikinsu sai zub da jini da ɗaukaka tsafi, tantance su kuwa aikin iyaye ne. Amma ƙwace littafi ba ya kashe ƙishin da ya kai yaro gare shi. Saurayin da yake kwana yana karanta labarin marayun da suka zama 'yan'uwa, wataƙila yana faɗin wani abu ne game da kansa wanda bakinsa ya kasa furtawa.

Ya fi amfani uba ko uwa su zauna su ce a ba su labarin, sa'an nan su yi tambaya. Wa jarumin ya rantse wa? Me aka nema ya aikata saboda rantsuwar? Wane ne a cikin abokansa ya iya faɗa masa gaskiya, me kuma ya sami mai faɗin? Yaron da ya saba amsa waɗannan tambayoyi a kan jarumin littafi, zai tuna da su ran da wani ya dafa kafaɗarsa a tasha ko a makaranta, ya ce masa daga yau ya sami 'yan'uwa.

Magabata sun ce ƙi naka, duniya ta so shi. Ba kowane mai son nan ne yake nufin alheri ba. Gidan da yaro yake iya faɗin ra'ayinsa a saurare shi, ya yi kuskure a tsauta masa ba a kore shi ba, ya kawo abokinsa na wata kabila ko wani addini a zuba masa tuwo, ya riga ya koya masa kamannin zumunta ta gaskiya. Irin wannan yaro zai fita duniya ya yi aminai, ya kamata kuwa ya yi. Sa'ad da nasa littafi na biyu ya zo, zai san wanda ya cancanci a tsaya masa har ƙarshe, zai kuma san cewa wani lokaci tsayawar ita ce a tare masa hanya, kamar yadda aku ya yi wa Musa, har gari ya waye.